Satar Ya Kolo

Duk garin Kunci an san Hamsatu matar Umara da turaren wuta da tsoron kayan mutane. Turaren gado ne, don kakanninta Barebari ne da suka taso daga Barno da jakunan kanwa tun uwarta tana goye, suka ga ƙasar Kano ta karɓe su, suka zauna. Yaren ya tafi, bai bar mata komai ba sai gaisuwar “wushe” da take yi wa baƙi. Tsoron kayan mutane kuwa nata ne na kanta. In kazar maƙwabta ta yi ƙwai a bayan rumbunta, sai ta ɗauki ƙwan ta bi gida-gida tana cigiya, har a gaji a ce mata don Allah ta je ta soya.

Abin da ’yan gida kaɗai suka san nauyinsa shi ne jar kuɓewa. Kakarta Ya Kolo ce ta ƙullo irin a haɓar zane tun daga Barno, sunanta kuma ya bi kuɓewar, har a gidan ba a cewa za a shuka kuɓewa, sai dai a ce za a shuka Ya Kolo. Doguwa ce, ja kamar karan dafi, ba ta saurin tsufa a jikin uwa, kuma ko ta shekara a bushe yauƙinta ba ya mutuwa. Kowace ’ya mace a zuriyar, ranar da za ta tare, uwarta ce take ƙulla mata irin a haɓar zane, ta je ta shuka a bayan ɗakinta. Haka aka yi wa uwar Hamsatu, haka aka yi wa Hamsatu.

To, a bazarar da za a kai Zara, ’yarta mace tilo, gidan mijinta a Rimin Gado, Hamsatu ta sauke tukunyar da take ajiye irin cikin toka, sai ta tarar gara ta shiga ta wata ’yar tsaga a gindi. Ta zazzage, ta rairaye, ta sake rairayewa, ba ƙwaya ɗaya mai rai. Uwarta ta daɗe da rasuwa. Maƙwabtan da ta taɓa ɗiba wa sun cuɗanya da tasu har ta rikiɗe ta koma koriya. Ga Zara kuma tana ta waƙe-waƙenta a tsakar gida, har ta zaɓi zanen da za a ƙulla mata irin a jiki, wani baƙi mai ratsin fari. Hamsatu ta kasa gaya mata. Baƙin ciki ya kama ta sosai, ta ji kamar ita ce ta tsinke igiyar da kakarta da uwarta suka riƙe ba ta tsinke ba.

A haka Furera ta same ta. Furera Bafulatana ce mai tallan nono, shekara da shekaru tana shigowa gidan, kuma tunda Fulani da Barebari abokan wasa ne, ba ta taɓa yin sallama ba tare da ta tambayi baiwarta Babarbariya me ta sata yau ba. Ran nan da ta ga ba a rama ba, sai ta sauke ƙwarya ta zauna. Da ta ji labarin, sai ta ce ai ta san inda ake shuka jar kuɓewa. Can a Maƙale ne, ƙauyen da ke kan dutse, inda take kai man shanu saboda mutanen can ba su da wurin kiwo.

Murna ta kama Hamsatu. Ta tuna yayar uwarta, Amsa, wadda aka aurar can a shekarun da mahara suke yawan faɗowa daga arewa, lokacin da kan dutse ya fi ƙasa kwanciyar hankali. Hanya ta rufe na wasu shekaru, da ta buɗe kuma kunyar daɗewa ta hana kowa zuwa, har aka ji rasuwar Amsa a bakin fatake. In dai an aurar da ita yadda ake aurar da matan gidan, to da Ya Kolo ta tafi.

Furera ta ce za ta kai ta, su je su dawo a yini, amma da sharaɗin ba za ta goya kowa ba. Umara da aka nemi izininsa dariya ya yi, ya ce ta je, ai gwiwoyinta ne ba nasa ba. An ce wa Zara za a je gaishe da dangi, kuma ba a yi ƙarya ba.

Suka fita bayan sallar asuba, gari ya yi haske, Furera a gaba da ƙwarya a ka, Hamsatu a baya da ƙullin turaren wuta da ’yar kanwa na tsaraba. Ƙasar nan ba ta da wurin banza. Gona tana ƙarewa wata na farawa, gida yana kallon gida, ko’ina maza suna sharar gona suna ƙona tushiya, jakuna suna wucewa da mangaloli cike da taki. Ɗorawa ta nuna, yara suna ta zungura, bakinsu duk ya yi rawaya. Kowa ya san Furera. A kowace ƙofa sai an tsayar da ita an tambayi shanu, ita kuma sai ta nuna Hamsatu ta ce baiwa ce ta saya da arha, za ta kai ta dutse ta ga ko tana da amfani. Hamsatu ta ce a dai duba da kyau a ga wace ce take ɗauke da kaya a ka, wace ce kuma take tafiya hannu sake kamar uwar ɗaki. Rabon da ta yi dariya irin wannan tun kafin ta buɗe tukunyar nan.

Da hantsi ya ɗaga gidaje suka fara nisa da juna, ƙasa ta koma tsakuwa, suka bi wani burtali har ya kai su gindin dutsen. Daga nesa Hamsatu ta ɗauka ɗan tudu ne. Da ta tsaya a ƙarƙashinsa ta ɗaga kai sai da kallabinta ya zame. Manyan duwatsu ne baƙaƙe, wani a kan wani, kamar an jibge buhuna, kuma ba ta ga alamar gida ko ɗaya ba. Furera ta ce ai amfaninsa ke nan, mahara ma haka suka riƙa tsayawa suna kallo har su gaji su tafi.

Hawan nan Hamsatu ba za ta manta da shi ba. Furera tana tafe kamar akuya, ƙwarya ko girgiza ba ta yi, bakinta kuma bai huta ba. Kowane dutse tana da labarinsa. Wannan shi ne inda wani maharbi ya kwana bakwai yana jiran damisa, ashe damisar tana bayansa tana jiran ya gama. Wancan mai tsaga a tsakiya, wata amarya ce ta harare shi. Hamsatu ta lura labarin yana tsawo ne daidai inda numfashinta ya ƙare, ya gajarce inda hanya ta yi sauƙi, sai ta gane hutar da ita ake yi ba tare da an ce ta gaji ba. Ba ta nuna ta gane ba. Furera ta ce ba laifinta ba ne, mutanen da suka fito daga ƙasar da suri ne dutse mafi tsawo ina za su iya hawa. Hamsatu, tana haki, ta ce gara su, ko ba komai suna da ƙasar da za a ce sun fito, ba kamar waɗanda sa guda yake kwashe musu gari ba.

A wata inuwa suka tarar da ruwa kwance a cikin kwarmin dutse, mai sanyi kamar na sabuwar randa, a tsakiyar bazara. Suka sha, suka wanke fuska, Furera ta dama musu fura. Remaye, dabbobin dutsen nan masu kama da zomo, suna kwance a kan fa, wato shimfiɗaɗɗen dutse, suna kallonsu ba ko tsoro. Daga nan hanya ta matse ta shiga tsakanin duwatsu biyu, inda mutum ɗaya kaɗai ke iya wucewa, shi ma a karkace. Furera ta ce nan ne ƙofar garin, a shekarun hari da ƙaya ake toshe ta. Kafin su shiga ta juyo ta ce wa Hamsatu a Maƙale ido ake buɗewa, baki kuma a rufe. Hamsatu ta ce matambayi ba ya ɓata. Furera ta yi wani murmushi, ta shige gaba.

Suna fitowa daga matsin sai ga gari. Bukkoki ne a rarrabe tsakanin duwatsu, rumbuna a ɗore kan fa, ’yan gonaki ƙanana an tare musu ƙasa da jerin duwatsu don kada ruwa ya tafi da ita. Iska tana kaɗawa ba irin ta ƙasa ba. Furera ta ja ta bakin wani fa ta ce ta duba. Hamsatu ta duba, sai ta ga duk ƙasar da ta yi rayuwarta a ciki shimfiɗe kamar tabarma, gawo da kuka da rimi sun zama ’yan ƙanana, hayaƙin sharar gona yana tashi nan da can. Furera ta nuna mata Kunci. Hamsatu ta daɗe tana kallo, tana mamakin yadda garin da ya ɗauki aurenta da haihuwarta da duk rigimarta bai fi a rufe shi da faifai ba. Furera ta ce in ta ƙara ware ido za ta hango Barno, ta ga danginta suna ɓoye kayan mutane.

Gidan da suka nufa na Asiya ne, ’yar Amsa, tsohuwa siririya mai ƙaramar murya. Ta karɓi Furera da saba, ta yi wa baƙuwa maraba irin ta wanda ba a sani ba. Hamsatu ta durƙusa ta ce “wushe”, ta kwance ƙullin turaren ta miƙa. Tsohuwar ta kai shi hanci, sai ta tsaya cak. Ta ce wannan ƙanshin ɗakin innarta ne, rabonta da shi tun tana da ƙuruciya. Ta tambayi baƙuwar ’yar wace ce, da ta ji sunan uwarta sai ta kama hannunta da hannu biyu, suka yi kuka kaɗan, suka yi dariya mai yawa. Nan take Hamsatu ta koma kiranta Yaya. Kafin a jima gidan ya cika da mata, kowa tana son ganin ’yar’uwar Asiya da ta hawo daga ƙasa, ana ta mamakin yadda hancinsu ya zo ɗaya.

Aka kawo tuwon dawa da miyar busasshiyar kuɓewa. Loma ɗaya Hamsatu ta kai baki ta san ta iso. Yauƙin nan ne, ɗanɗanon nan ne, babu ko tantama. Ta tambayi sunan kuɓewar, aka ce mata a nan Babarbariya ake kiranta. Furera ta ce sunan ya dace, abu ne mai santsi wanda ba a iya riƙe shi.

Da mata suka watse, Hamsatu ta gyara zama ta faɗi abin da ya kawo ta. Ta faɗi gara, ta faɗi Zara da zanenta mai ratsin fari, ta roƙi Yaya ta taimake ta da ko ’yan ƙwayoyi ne. Idon Asiya ya ciko da ta ji, amma abin da ya fito daga bakinta daban ne.

“A garin nan ba a ba da iri,” in ji ta. “Ba a sayarwa, ba a musaya.”

Hamsatu ta ɗauka ba ta ji daidai ba. Ta sake roƙo, ta ce za ta aiko da turare duk shekara. Asiya ta maimaita maganarta, fuskarta a sake kamar wadda take yi wa mutum albishir. Hamsatu ta dubi Furera, Furera tana duban sama. Ran Hamsatu ya ɓaci ƙwarai. Ta hawo dutsen nan da gwiwoyin da ba su saba ba, ta sami ’yar’uwa, ta ci Ya Kolo da bakinta, kuma za ta koma hannu wofi ta kalli Zara.

Sai Asiya ta miƙe, ta sauko da wani damin busassun kuɓewa daga bakin ƙofa, ta zaɓi manya-manyan, ta ɓare su a faifai. Ƙwayoyin suka gangaro, baƙaƙe, cikakku. Ta ce so take su ɗan sha iska, ta ajiye faifan dab da gwiwar Hamsatu. Sannan ta ce za ta je ɗebo ruwa, kuma wurin ruwansu da nisa. Ta ƙara da cewa idonta ya yi rauni, ko an rage abu ba ta ganewa, ita kuma ba ta taɓa ƙirga iri ba tunda take. Karensu ma ya mutu bara. Ta ɗauki tulu, ta ce Furera ta zo ta taya ta, suka fita.

Hamsatu ta zauna ita da faifai. Ta fahimci maganar sarai, a ganinta: an hana ta, amma an yarda da amanarta, har an bar mata gadi. Abin ya yi mata ciwo, ya kuma ɗan yi mata daɗi. Ta matsar da gwiwarta don kada zanenta ya taɓa faifan. Wata kaza ta zo tana leƙe, ta kore ta. Kazar ta dawo, ta sake kora, har da jifa. Ƙwaya ɗaya da iska ta ture ƙasa, ta tsince ta ta mayar. Rashin sani, kaza ta kwana a kan dami, sai dai a nan kazar ta fi mai gadin sanin abin da ya kamata.

Da suka dawo, Hamsatu ta miƙa faifan da hannu biyu, ta ce Yaya ta duba, ko ƙwaya ɗaya ba ta yi ciwon kai ba. Asiya ta dubi faifan, ta dubi ƙanwarta, ta yi ajiyar zuciya mai tsawo, ta ce lallai an yi tarbiyya a Kunci. Furera ta juya baya tana gyaran ƙwaryar da ba abin da ya same ta, kafaɗunta suna rawa.

Suka yi sallar azahar. Rana ta fara karkata, Furera ta ce in ba su kama hanya da wuri ba duhu zai same su a dutse. Asiya ta ce ita kam barci take ji, kuma in ta kwanta ko ganga aka buga ba ta farkawa. Ta mayar da faifan inda yake, ta miƙe a tabarma, ta ja zane ta rufe har kanta. Ba a yi numfashi uku ba ta fara minshari, irin wanda ko jariri ba zai yarda da shi ba.

Ana cikin haka sai ga wata mata ta leƙo ta kan danga. Huseina ce, maƙwabciya, tana cikin waɗanda suka zo gaisuwa ɗazu. Ta shigo da sanɗa, ta wuce gaban baƙi kamar ba ta gan su ba, ta nufi wata ’yar ƙwarya da ke gindin rumbu, ta damƙi irin duma ta fara ƙullewa a zane. Hamsatu ba ta san lokacin da ta tashi ba. Gwiwoyin da suka yini suna kuka suka manta da kansu, ta cafke wuyan hannun matar, ta ce ta ji tsoron Allah, tsohuwa tana barci za a yi mata sata da rana tsaka.

Huseina ta buɗe baki tana kallonta. “Haba baƙuwa,” ta ce, “tun jiya Inna Asiya ta ajiye min shi a nan. Yanzu kin kama ni, sai na sake dawowa gobe ke nan.”

Minsharin ya tsaya. Zanen da ke kan tabarma ya fara karkarwa, wata ’yar ƙara tana fitowa daga ƙarƙashinsa kamar ta tukunya ta kusa tafasa. Hamsatu ta saki hannun, ta tsaya tana duban wannan tana duban wancan.

Furera ta share hawayen dariya, ta tsuguna gaban kazar nan da aka yini ana kora, ta ce ita fa ba da kowa take magana ba, da kaza take. Ta gaya wa kazar cewa a Maƙale tun kakanni ba a miƙa iri hannu da hannu. An ce da can wani ya ba amininsa irin gero, geron bai yi ba, aminin ya ce da gangan aka ba shi mara kyau, gaba ta shiga tsakanin gida biyu a garin da ba shi da faɗin da za a yi gaba. Tun daga nan dattawa suka ce mai son iri ya sata. In ya yi, rabonsa ne, in bai yi ba, ɓarawo ba shi da bakin ƙorafi. Mai iri zai zaɓi mafi kyau ya ajiye inda hannu zai kai, ya kau da kai. Ba a gaya wa mutum ya ɗauka, don in an faɗa ya zama kyauta. Ba a godiya, ba a sallama, gudu ake yi. Ta ce wa kazar ta riƙe wannan a ranta, kada ta gaya wa Barebari, su da aka sani da sata tun fil azal amma yau an wayi gari sai an koya musu.

Kunya ta rufe Hamsatu tun daga kai har ƙafa, murna kuma ta biyo bayanta ta ture ta. Ashe tun ɗazu ’yar’uwarta take miƙo mata abin da ta zo nema da iyakar ƙarfinta, ita kuwa tana korar kaji. Ta dubi faifan. Ta gaya wa kanta abin da mai shi ya ajiye don a ɗauka ai ba haram ba ne, ko liman aka tambaya. Duk da haka hannun ya ƙi. Shekara hamsin yana mayar da kayan mutane, yau a ce ya ɗauka ba a miƙo masa ba. Ta miƙa shi, ya dawo. Ta dubi tabarma, ta ga ido ɗaya yana leƙowa ta gefen zane, ya yi sauri ya koma.

Sai ta tuna zanen nan baƙi mai ratsin fari. Ta yi bisimilla a fili, abin da ya sa Huseina ta ce tunda take ba ta taɓa ganin ɓarawo mai bisimilla ba. Ta damƙa, ta cika hannu, ta zuba a haɓar zanenta, ta ƙulle, ta sake ƙullewa. Furera ta riga ta ɗora ƙwarya a ka. Suka fita da sauri, Hamsatu tana dafe da ƙullin, zuciyarta tana bugawa kamar ta yi satar gaske.

Ba su kai ga kukar tsakiyar gari ba suka ji muryar Asiya a bayansu, wadda ɗazu take ƙarama, yanzu ta cika dutsen, tana cewa jama’a a taimaka, an yi mata sata. Gari ya amsa. Mata suka fito daga kowane lungu, wasu da muciya, wasu suna kaɗa ƙwarya, ana guɗa ana dariya, ana bin su a baya ba mai niyyar cim musu. Dattawan da ke zaune a gindin kuka suka juya fuska ga dutse gaba ɗaya, suka ce su ba su ga kowa ba. Zagi yana ta sauka. Wata ta ce Allah ya sa kuɓewar ta yi mata yawa ta rasa inda za ta shanya. Wata ta ce Allah ya sa tsinka ta gajiyar da ita har ta yi da-na-sani. Huseina, da ta fi kowa jin haushi, ta ce Allah ya haɗa ta da maƙwabta masu saurin hannu. Hamsatu tana gudu irin na mai shekara hamsin, kallabi a hannu, dariya ta hana ta numfashi. Ta waiwaya ta ce musu in ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Suka shige matsin duwatsun nan a karkace, suka fito ta ɗaya gefen. A nan masu bi suke tsayawa, don haka hayaniyar ta lafa. Hamsatu ta jingina da dutse tana mayar da numfashi, ta taɓa ƙullin ta ji yana nan. Sai ta ji an kira ta daga sama. Asiya ce, an taimaka mata ta hau kan fa ɗin da ke bisa ƙofar, tana tsaye iska tana kaɗa mata zane.

“Ke ɓarauniya,” in ji ta. Muryar ta koma ƙarama, amma kowace kalma ta iso. “Kin daɗe ba ki zo ba. Tun ina yarinya, duk bazara Inna take zaɓar mafi kyau ta rataye a bakin ƙofa, ta ce wata rana wani zai hawo daga Kunci ya sata. Har ta rasu ba wanda ya zo. Ni kuma ban daina ratayewa ba.”

Hamsatu ta daina dariya. Ta ji tausayin matar da ba ta taɓa gani ba, wadda ta yi ta jiran danginta a kan dutsen nan, ga Kunci a ƙarƙashin idonta kullum. Godiya ta taso mata, da neman gafara, har ta buɗe baki, sai Furera ta mintsine ta a hannu. Ta haɗiye. Ta goge idonta da bayan hannu, ta ɗaga kai.

“Yaya, baɗi ma ki rataye,” ta ce. “Zan zo da Zara. Ta fi ni saurin hannu.”

Asiya ta ɗaga muciyar da ke hannunta kamar za ta jefo, sannan ta rufe fuska da gefen zane. Furera ta ce su tafi, rana ba ta jiran ɓarayi. Suka kama gangara, Hamsatu a gaba wannan karon, hannunta ɗaya a kan dutse, ɗaya a kan ƙullin.